Babur Ya Daɗe a Ajiye: Gaskiya da Jita-jita Kan Wanke Kafireto

Idan damina ta gabato, 'yan ci-ranin Shanono kan dawo daga Legas da Abuja don gyaran gona, su tarar babur ɗin Boxer da suka kulle a zaure tun bayan kaka ya ƙi tashi. Wasu sun jingine nasu ne tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500. Da an turo babur waje, shawara sai ta yi yawa.

Wadda aka fi ji ita ce wai fetur ba ya lalacewa. Yana lalacewa. Ɗan man da ya rage a kofin ƙasan kafireto, zafin bazara yana busar da shi, ya bar wani datti mai danƙo, ja-ja ko kore-kore, mai tsamin wari. Dattin nan ne ke toshe ƙaramin jet, wanda ke ba inji mai idan yana silo. Shi ya sa za ka ga babur ya tashi da cok, ana sakin cok ɗin ya mutu.

Daga nan wani zai ce a warware wayar birki a tsokale ramin jet ɗin. Wannan shawarar ce ta fi damuna, domin ta ci kuɗin mutane da dama. Da tagulla ake yin jet, ƙarfe kuwa ya fi tagulla tauri, kuma ramin an auna shi ne daidai. Waya tana faɗaɗa shi. Babur zai tashi, mai shi ya yi murna, amma daga ranar sai shan mai, baƙin hayaƙi, fulogi yana yin baƙi. Abin yi shi ne a kwance jet ɗin, a jiƙa shi a fetur mai tsabta ko maganin feshi na wanke kafireto, a hura da iskar famfon mai faci, a ɗaga shi ga rana. In haske ya ratsa a zagaye, ya buɗe. In ya ƙi, sabon jet ya fi sabon kafireto arha nesa ba kusa ba, don haka mai cewa sai an sauya duka ya yi gaggawa.

Zuba kalanzir a tanki wai ya wanke ciki ba ya narkar da busasshen danƙo, sai dai ya ƙara wahalar tashi.

Masu zargin man 'yan bumburutu suna da 'yar gaskiya: galan marar murfi yana ɗaukar ƙura da ruwa, ruwan kuma ƙasan kofi yake kwanciya. Haka masu cewa a duba soson iska, musamman bayan ƙurar hunturu. A leƙa siraran tiyo ɗin jikin kafireto ma, don zanzaro na toshe su da laka.

Batun a bar tanki wayam kafin tafiya, rabinsa ne daidai. Tankin ƙarfe da babu mai ya fi saurin tsatsa, musamman idan damina ta same shi a ajiye. Kafireto ne ke son zama babu mai: a rufe makunnin mai, a bar inji yana aiki har ya mutu da kansa, sannan a sassauta ɗan sukurun ƙasan kofi, ragowar ta tsiyaye a gwangwani, nesa da murhu.