Jijiyar da ke fashewa bayan an sallami yaro daga likita

Yaro ya faɗo daga bisa moto, ko amalanke, ko reshen mangwaro. An kai shi likita, an ɗinke masa goshi, an sallame shi. Bayan kwana goma sha biyar yana cikin wasa da tsaransa, sai ya dafe kai, ya yi amai, ya faɗi a some. Mutanen gida sukan ce iska ce ta taɓa shi. Su kuwa lokotoro sun san cewa tun ranar haɗarin wata jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa na iya tsagewa, jini ya taru a gefenta ya yi kumburi kamar ƙurji, ba abin da ke riƙe da shi sai gudan jini da ɗan tantani. Masana na kiran wannan kumburi anebirisim.

Idan an haɗa dukan masu irin wannan kumburi, waɗanda bugun kai ya jawo wa ba su kai 1 cikin 100 ba, amma ga yara kason ya fi haka nesa. Ya fi fashewa a mako na biyu ko na uku, in kuwa ya fashe, daga sulusi zuwa rabin waɗanda abin ya sama ba su tashi. Babbar damuwa ita ce hoton sikane na ranar farko na iya fitowa ba tare da ya nuna matsalar ba, domin kumburin bai riga ya tsiro ba. Sai an zuba ruwa na musamman cikin jini an sake ɗaukar hoto, dabarar da Egas Moniz na ƙasar Fotugal ya ƙago a 1927.

A da, sai an fasa ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe. To amma wannan ƙurji sau da yawa ba shi da wuya, kuma yakan yage da an taɓa shi. Shi ya sa aka koma bin hanyar jini. Ana huda jijiyar matsematsi, a tura siririn tiyo, lokotoro na kallonsa a allo, ya bi ta ciki da ƙirji da wuya har ya isa cikin kai. Fedor Serbinenko na birnin Mosko ne ya share fage da ƴan balan-balan da yake saki cikin jijiya, ya bayyana sakamakon aikinsa a 1974. A 1990 Guido Guglielmi, ɗan Italiya mai aiki a Amurka, ya zo da zaren filatinom mai laushi wanda ke nannaɗewa cikin kumburin har jini ya daskare. A Faransa, marigayi Pierre Lasjaunias na likitar Bicêtre ya yi suna wajen yi wa ƙananan yara irin wannan aiki.

Sai dai cusa zare cikin ƙurjin kawai ba kullum yake isa ba, tun da bangonsa ba na gaske ba ne, yana iya sake buɗewa. Don haka sau da dama akan toshe jijiyar baki ɗaya a daidai inda ta tsage. Abin da ban tsoro in an ji shi, amma ƙwaƙwalwar yaro ta fi ta babba iya jawo jini ta wasu hanyoyi, kuma akan duba hanyoyin kafin a toshe. In jijiyar ba ta toshuwa, akan shimfiɗa raga a cikinta, sai dai raga na buƙatar maganin tsinka jini na watanni, abin da ke da haɗari ga mai sabon rauni a kai. Aikin na da tsada, kuma dole a riƙa komawa ɗaukar hoto, domin yaro na girma, jijiyarsa ma haka.

Alamun da ke sa a koma likita ba jira, ko da an riga an sallami yaro, su ne ciwon kai da ya dawo da ƙarfi, amai, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, ido da ya yi ja ya firfito, da haɓo mai yawa da ke tsayawa yana dawowa.