Ɗumamen Shinkafa: Gubar da Wuta Ba Ta Karyawa

Ɗalibin da ya kama ɗaki shi kaɗai, ko malamin da aka tura aiki ƙauye, yakan dafa shinkafa tukunya guda domin ta kai shi gobe, bisa zaton ɗumame zai kashe kowace cuta. A nan haɗarin yake.

Ɗanyar shinkafa takan zo da wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda kan ƙudundune cikin ƙwanso mai tauri, har tafasa ba ta kashe ta. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a zafin ɗaki, sai ƙwayar ta farfaɗo, ta hayayyafa, ta zuba guba. Ɗumame yana iya kashe ƙwayar, amma gubar tana nan daram, kuma hanci ba ya jin ta. Cikin awa 1 zuwa 6 sai amai ya biyo baya.

Saboda haka mai firji ya baza ragowar a faranti ta huce, ya adana ta ƙasa da digiri 5 kafin awa 2 su cika, ya cinye washegari. Wanda ba shi da tabbacin wutar lantarki kuwa, ya auna daidai cikinsa, ya dafa, ya cinye da zafinta.