Almiski Da Ciwon Huhu

Babu wanda bai san sunan almiski ba a ƙasar nan, tun da an ambace shi cikin Suratul Muɗaffifina, amma kaɗan ne cikinmu suka san asalinsa. Ana samunsa ne daga wata 'yar barewa marar ƙaho da ke zaune a duwatsun Himalaya, da ƙasar Sin, da Saberiya. Namijin kaɗai ke da shi, cikin wata 'yar jaka kusa da cibiya. Kada a haɗa shi da jibda, wannan daga wata dabba dabam ta ke.

Mutanen Sin sun daɗe suna sa shi cikin magani, su kuwa Turawa ƙanshin suka bi. A 1906 wani Bajamushe, Walbaum, ya ware sinadarin da ke ba da ƙanshin, a 1926 kuma Ruzicka ya gano yadda ginin sinadarin ya ke. Daga baya masanan Sin suka lura akwai wasu gutsattsarin furotin cikin almiski, waɗanda ba ruwansu da ƙanshi, amma suna kwantar da kumburi a jikin ɓeraye.

To, mene ne haɗin wannan da huhu? Huhun mutum cike ya ke da 'yan jakunkunan iska, miliyan ɗaruruwa, ta bangonsu iska ke shiga jini. In ƙwayar cuta ta kama shi, ko mutum ya shaƙi hayaƙi mai guba, sai jiki ya aika da fararen ƙwayoyin jini su yi yaƙi. Wani lokaci yaƙin ya kan wuce gona da iri, bangon ya lalace, ruwa ya cika jakunkunan, numfashi ya gagara. Likitocin birnin Denba a Amurka suka fara bayyana wannan ciwo a 1967, bayan sun duba majinyata 12. Shi ne kuwa ya hallaka mutane da yawa cikin annobar korona ta 2020.

Saboda haka masu bincike su kan ɗiga wa ɓera dafin ƙwayar cuta a huhu, sa'an nan su ba shi abin da aka tace daga almiski, su auna kumburin. An sami alamar sauƙi. Amma fa ɓera ba mutum ba ne. Maganin deksametazon sai da aka jarraba shi kan dubban majinyata a Ingila a 2020, aka ga ya rage mutuwar waɗanda ke kan injin numfashi da wajen sulusi, kafin aka amince da shi.

Har wa yau ita kanta barewar tana cikin haɗari, domin mafarauta kan kashe ta don jakar. Shi ya sa ƙasar Sin ta fara kiwonta a 1958, ana ɗebe almiskin ba tare da an yanka ta ba. Kusan duk almiskin da ke cikin turaren kasuwa yanzu haɗin masana'anta ne, babu waɗannan gutsattsarin a ciki.

Muna roƙon malaman makaranta da ma'aikata su bayyana wa jama'a wannan. In yaro yana zazzaɓi, numfashinsa yana fita da sauri, haƙarƙarinsa yana lotsawa, kada a tsaya shafa turare ko turara hayaƙi, a garzaya da shi asibiti. Allah Ya ba mu lafiya, amin.