Dogon Turanci ba dodo ba ne, fasa kalmar ka ga cikinta

Idan kana cikin matasan Birchi masu shirin JAMB, da wuya a ce ba a taɓa turo maka irin jerin nan a waya ba: dogayen kalmomin Turanci hamsin masu ƙarewa da "tion", ko ɗari masu farawa da "un", kowace da ma'anarta a gefe. Ka adana, ka ce da dare za ka haddace. Ka haddace goma, gari ya waye saura uku a kanka, su ma ukun ka cakuɗa ma'anarsu. Daga nan sai ka yanke wa kanka hukunci: "Ni fa Turancin nan ba nawa ba ne."

Dakata ɗan'uwa, ke ma haka 'yar'uwa. Ƙwaƙwalwarka lafiyarta lau, hanyar ce ba ta ɓullewa.

Kuma batun ba na wasa ba ne. Tambayoyin JAMB 180 ne cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne, ba kuma wanda ake ɗauke wa shi, ko likitanci kake nema ko nazarin Hausa. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, kusan a bakin ƙofarka. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ai abin takaici ne a ce na nesa ya zo ya samu gurbi, kai ɗan ƙaramar hukumar Kurfi tsoron doguwar kalma ya mayar da kai gida jiran baɗi.

To mece ce mafita? Tana bakinka tun kana yaro. Wa ya taɓa zaunar da kai ya haddace maka manomi, maƙeri, marubuci, maɗinki? Ba kowa. Ka san noma, ƙira, rubutu da ɗinki, ka kuma gane cewa "ma" a farko tana nuna mai yin aikin. Haka da ka ji Katsinanci, Kananci ko Larabci, wutsiyar kalmar ta gaya maka harshe ake nufi.

Turanci ma haka yake. Yawancin dogayen kalmominsa aro ne daga Latin da harshen Girka, wasu kuma sun shigo ta Faransanci bayan Normawa daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. An gina su ne gunduwa-gunduwa: kai, gangar jiki da wutsiya. Shi ya sa haruffan suke ta maimaituwa.

Ɗauki "port", wato ɗauka. Sa mata "trans", ƙetarewa, ka samu "transport", sufuri. Sa "ex", waje, ka samu "export", fitar da kaya ƙasar waje. "Import" shigo da su ne. "Portable" abin da ake iya ɗauka ne, kamar wayar da ke hannunka. Gunduwa ɗaya, kalmomi huɗu.

"Tele" na nufin nesa. Daga nan aka samu "telephone" da "television", waɗanda Bahaushe ya mayar tarho da talabijin. "Microbiology" da ke ba ka tsoro a jerin kwasa-kwasan jami'a kashi uku ce: "micro" ƙanƙani, "bio" rai, "logy" ilimi. Ilimin ƙananan halittu kenan. "Desertification" fa? Cire wutsiyar, saura "desert", hamada. Wutsiyar na nufin mayar da abu ya zama haka. Kwararowar hamada ce, wadda duk manomin Katsina ya san ta ba sai an karanta masa ba. "Unemployment" kuwa, "un" babu, "employ" ɗauka aiki, "ment" ta mayar da ita suna. Rashin aikin yi, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Amma fa a yi hattara, kama da wane ba ta wane. "Un" ɗin cikin "uncle" ba ta kore komai ba, kawu ne ko baffa. Ta cikin "uniform" ma "uni" ce, ma'ana ɗaya, wato kaya iri ɗaya. "Invaluable" ba marar daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa farashi. Idan kuma ka ga "inflammable" a jikin tankar mai, kada ka ce ai "in" na nufin ba ya kamawa. Yana kama wuta, nan take ma. Irin waɗannan ramukan masu shirya jarabawa suke so, don haka bayan ka fasa kalma, koma cikin jimlar ka ga ko ma'anar ta zauna.

Har kalmar nan mai haruffa 45 da ake cika baki da ita, "pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis", ba ta fi ƙarfin fasawa ba: huhu, ƙanƙanta matuƙa, ƙurar dutse mai aman wuta, cuta. Ciwon huhu ne na shaƙar ƙura. A 1935 masu wasan ƙwaƙwalwa a Amurka suka ƙirƙiro ta da gangan don ta yi tsawo. Ba za ta ƙara maka maki ko ɗaya ba.

Ka tuna, ba yabo ba ne idan Bahaushe ya ce mutum ya cika dogon Turanci. Ana koyon manyan kalmomi don a fahimci abin da aka karanta: takardar jarabawa, takardar ɗaukar aiki, takardar da ke cikin kwalin magani. Ba don a rikita abokai a Facebook ba. Wanda ya iya, shi ne wanda za a gane abin da ya rubuta.

Ga aikin wannan makon. Sayi ƙaramin littafi, kowane shafi gunduwa ɗaya: "pre" kafin, "re" sake, "mis" kuskure, "anti" adawa, "less" rashi. Kullum rubuta kalmomi biyar da ka gani da idonka, a labarai ko a tsofaffin tambayoyin JAMB, ka duba ƙamus ka tabbatar, sannan ka sa kowace a jimlarka. Ku haɗu ku uku bayan La'asar ku riƙa yi wa juna tambaya. Sannu ba ta hana zuwa. In ka riƙe wannan wata ɗaya, kalmomi 150 kenan da ka san asalinsu, kuma doguwar kalmar da ba ka taɓa gani ba, ranar jarabawa za ka san ta inda za ka kama ta.