Macijin Kiwo: In Ya Ji Rauni, In Ya Sulale

A watan Oktoban 2022, masu ziyara a gidan ajiyar dabbobi na Skansen da ke Stockholm, babban birnin Siwidin, suna tsaye gaban wani akwatin gilashi sai suka ga wani gamsheƙa mai tsawon sama da mita biyu ya miƙe ya kai kansa rufi, ya cusa shi ta gefen fitila, sauran jikin ya bi a hankali har wutsiya ta ɓace. Wasunsu ma sun ɗauka a waya. Shekara da shekaru ana ajiye irin wannan maciji a akwatin, ba wanda ya taɓa fita. Abin da ya sauya ƙarami ne: an cire tsohon ƙwan fitila mai zafi, wanda macizai ba sa kusantarsa, an sa na zamani mai tsimin lantarki wanda ba ya ɗaukar zafi. Ma'aikata suka barbaɗa fulawa a ƙasa don ganin sawunsa, aka aro na'urar hangen cikin bango daga jami'an kwastan, sai bayan kusan mako guda ya dawo akwatinsa da kansa.

Ga Bahaushe, jin cewa wani ya sayi maciji da kuɗinsa ya ajiye a ɗaki abin mamaki ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma duk wanda ya san halin da manoma ke shiga da kububuwa a Kaltungo ba zai ga laifin mai wannan tsoro ba. Amma a Amurka da Turai kiwon maciji ya zama ruwan dare, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi so ɗan yankinmu ne: wata ƙaramar mesa marar dafi wadda kan dunƙule ta ɓoye kanta a tsakiyar jikinta in ta tsorata. Tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, a daji kuwa cikin suri da ramukan ɓeraye take kwana. Daga Togo da Benin da Ghana ake fitar da ita da yawa zuwa ƙasashen waje. Takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, kuma a 2020 wata da ke gidan dabbobi na St. Louis a Amurka ta saka ƙwai tana da shekara wajen 62. Wanda ya ɗauke ta ya ɗauki amanar da za ta iya kai shi tsufa.

Babbar wahalar wannan amana ita ce maciji ba ya kuka. Kare zai yi ƙara, akuya za ta yi ɗingishi, shi kuwa sai ya lafe a lungu, ga shi dama lafewa ɗabi'arsa ce. Ƙin cin abinci ma ba ya zama hujja, domin wannan mesa takan yi watanni ba ta ci ba alhali lafiyarta ƙalau. Shi ya sa masu kiwo na ƙwarai suke ɗaga macijin lokaci zuwa lokaci su duba cikinsa da hancinsa da bakinsa.

Raunin da likitocin dabbobi suka fi kokawa da shi shi ne ƙuna. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, daga waje yake samu, don haka a ƙasashen sanyi ake sa masa fitila ko shimfiɗa mai ɗumi a gefe ɗaya na akwati, wajen digiri 31 zuwa 32, a bar ɗaya gefen da ɗan sanyi don ya zaɓa. In babu na'urar da ke kashe wutar idan zafi ya kai iyaka, sai shimfiɗar ta zarce. Abin tausayin shi ne macijin sau da yawa ba ya tashi daga wurin. Zai ci gaba da kwanciya fatar cikinsa tana dahuwa. Alamar farko ja-ja ne a ɓawon ciki, daga baya ƙuraje masu ruwa, sannan wurin ya yi baƙi ya fara zubewa, wani lokaci sai bayan kwanaki ake ganin girman ɓarnar. A ƙasa mai zafi irin tamu haɗarin ta wata ƙofa yake shigowa: akwatin gilashi da aka bari rana ta faɗo masa ta taga zai iya kashe abin da ke ciki kafin la'asar.

Na biyu cizon ɓera ne. Mutum zai jefa ɓera mai rai cikin akwati ya tafi harkarsa, yana ganin ai maciji ne zai yi nasara. In macijin ba ya jin yunwa ba zai kai hari ba, ba kuma zai kare kansa ba. Ɓeran ne yunwa za ta kama, ya hau bayansa ya dinga gwaguya, har akan tarar ya kai ga ƙashi. Wannan ganganci ne tsagwaronsa, domin yawancin macizan kiwo suna karɓar mataccen ɓera da aka daskarar, aka narkar, aka ɗan ɗumama.

Akwai kuma salatif da gam ɗin kama ɓera. Duk abu mai danƙo da ya shiga akwati, ko ba jima ko ba daɗe zai manne a jikin macijin. Mai shi ya firgita ya fizga, sai fata ta biyo. Abin yi shi ne a shafa man girki, ko da man gyaɗa ne, a gefen da ya manne, a jira ya jiƙa, a dinga ɗagawa kaɗan-kaɗan ta inda ɓawon ya kwanta, sannan a wanke man da ruwa mai ɗumi.

In an ga rauni, matakin farko shi ne a sauya wa majiyyacin ɗaki. A kwashe ƙasa da ɓawon itace da duk abin da zai iya shiga ciwon, a shimfiɗa farar takarda mai tsabta wadda za a riƙa sauyawa kullum. Farinta ma yana nuna jini ko mugunya da wuri. A wanke ciwon da ruwan aidin da aka sirka har ya koma kalar shayin da bai ji ganye sosai ba. Ƙuna sabuwa ana zuba mata ruwa mai ɗan sanyi, ba ƙanƙara ba. Kada a shafa man zafi, ko toka, ko baƙin mai, ko wani man ciwon mutane mai ɗauke da sinadarin kashe zafi, domin abin da jikin mutum ke ɗauka yana iya zama guba ga maciji. Sannan a tabbatar ɗumin akwatin yana daidai, saboda garkuwar jikinsa da ɗumi take aiki. Macijin da ke cikin sanyi ciwonsa ba ya warkewa ko da an ba shi magani mai kyau.

Wannan duka taimakon gaggawa ne. Ciwon da ya huda fata, ƙunar da ta yi faɗi, kumburin baki mai fitar da mugunya, numfashi da baki a buɗe, ko wani sashe na jiki da ya daina motsi, duk aikin likitan dabbobi ne, kuma ba kowane likita ne ya saba da masu jan ciki ba, don haka gara a san inda yake tun kafin ranar buƙata. Shi zai rubuta man ƙuna ko allurar kashe ƙwayoyin cuta, ya yi ɗinki in ya kama. Ɗinkin maciji yakan kai mako shida kafin a cire. Fatarsa kuwa da saɓa take gyaruwa: kowace saɓa tabon yana raguwa, mai rauni kuma yakan yi saɓa akai-akai fiye da yadda ya saba. Ana maganar watanni ne. Duk wanda ya taɓa maciji ko akwatinsa ya wanke hannu da sabulu, domin masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, wadda ta fi tsanani ga yara ƙanana.

Akwai rauni guda da ke haɗa zancen ciwo da zancen tserewa, wato gogewar hanci. Macijin da akwatinsa ya yi masa zafi, ko ya yi masa ƙunci, ko babu inda zai ɓuya, yakan kwana yana tura hancinsa a murfi da kusurwoyi yana neman mafita, har hancin ya saluɓe ya yi jini. Wanda ya ga haka ya shafa magani kawai bai yi komai ba. Macijin yana faɗa masa ne cewa gidan bai yi ba, kuma duk daren duniya yana gwada ƙarfin murfin.

Jikinsa an yi shi ne don wannan aiki. Ba shi da kafaɗa, ba shi da ƙashin ƙirji da zai tokare, saboda haka inda kai ya shige, galibi jiki zai bi. Tsoka ce zalla, kuma yana da lokaci. Ɗora littattafai ko dutse a kan murfi ba kulle ba ne, domin zai samo kusurwar da nauyin bai danne ba. Abin da ke riƙe shi sakata ce ko maƙalli a kowane gefe. Wuraren da aka fi mantawa su ne ramin da wayar lantarki ta bi, tsakanin gilasai biyu masu zamewa inda ɗan ƙaramin maciji ke iya ratsawa, da ragar shan iska da ta fara yagewa. Sau da yawa kuma akwatin ba shi da laifi, mutum ne ya sauya ruwa, waya ta yi ƙara, ya tafi bai mayar da sakata ba.

Sakaci a nan ya taɓa cin rai. A watan Agustan 2013, a garin Campbellton na Kanada, wata mesar Afirka mai nauyin kusan kilo 45 ta bi ta bututun iska da ba shi da murfi a rufin ɗakinta, ta faɗo falon da wasu yara biyu 'yan gida ɗaya suke barci, ɗaya shekararsa 4, ɗaya 6, ta shaƙe su. An ɗauka ta fi ƙarfin bututun. Kotu ta wanke mai ita daga laifi a 2016, amma iyayen sun riga sun yi rashi. A kudancin Fulorida kuwa, manyan mesoshin Asiya da suka kuɓuce ko aka sake su sun hayayyafa a fadamar Everglades, har wani bincike na 2012 ya nuna wasu ƙananan dabbobin wurin sun ragu da sama da kashi 90 cikin ɗari. Babbar mesa da maciji mai dafi ba abin ajiyewa ba ne a gidan da mutane ke kwana, komai ƙwarewar mai shi.

In ƙaramin marar dafi ya ɓace, abu na farko a rufe ƙofofi da tagogi, a toshe ƙasan ƙofa da magudanar banɗaki. A fara nema daga jikin akwatin, domin da wuya ya yi nisa a ranar farko. Duhu da matsi da ɗumi yake so: bayan firji inda injin ke fitar da zafi, cikin kujera, cikin takalmi, ƙarƙashin katifa, bayan kabad. Kafin a ja wani abu mai nauyi a leƙa da tocila, don an sha murƙushe wanda ake nema garin nemansa. Da dare a barbaɗa fulawa a bakin kowace ƙofa, a shimfiɗa leda mai ƙara a gindin bango, tunda bango yake bi, a kashe fitila a saurara. A ajiye kwanon ruwa da ɗan kwali mai ɗumi a kusurwa. Gam ɗin ɓera kuwa a kwashe shi daga gidan gaba ɗaya. A kuma sanar da maƙwabta da kamanninsa da cewa ba shi da dafi, domin wanda ya gan shi a tsakar gidansa bai san da zancen ba, sanda zai fara ɗauka. In an same shi, a duba jikinsa daga hanci zuwa wutsiya, a ba shi ruwa, a bar shi ya huta kwana biyu kafin abinci, kuma kada a mayar da shi akwatin sai an gano ta inda ya fita.