Shigo da Babban Kare Gidan da ke da Ƙananan Karnuka

A Dandin Mahe da ƙauyukan Shagari da Boɗinga, akan kawo babban kare gida domin gadi ko farauta. Muna jan hankalin jama'a cewa baƙon kare kan raunata ƙananan da ya tarar, yana kuma iya shigo da ciwon haukan kare, wanda ba ya warkuwa da zarar alamunsa sun bayyana.

Saboda haka, a fara kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafi. A ɗaure shi gefe, a raba musu kwanon abinci har su saba. Idan ya ciji mutum, a wanke raunin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a garzaya asibiti.

Muna roƙon uwayen ƙasa da hakimai su isar da wannan saƙo.