Tafiyad da Asusan Gajimare a Ma'aikata ta Hanyar Rubutaccen Tsari

Abin da masu aikin kwamfuta su ke kira gajimare ba wani abu ba ne da ke sama. Injuna ne dubbai a jere cikin manyan ɗakunan wani kamfani, waɗanda mutum ya kan yi hayarsu daga nesa ta intanet, ya biya gwargwadon abin da ya yi aiki da shi. Kamfanin Amazon na Amurka ya buɗe wannan ciniki sosai cikin 2006, da ya fara ba da hayar ma'ajiya a watan Maris, sa'an nan hayar injuna a watan Agusta. Google da Microsoft suka biyo baya. Duk mai son haya sai ya buɗe asusu, watau wani keɓaɓɓen fili mai lambarsa da mabuɗansa da takardar bashinsa. A wurin Amazon kowane asusu yana da lamba mai alƙaluma 12, kuma abin da ke cikin asusu ɗaya ba ya taɓa abin da ke cikin wani sai an buɗe ƙofa da gangan.

Da farko ma'aikatu da yawa sun zuba dukkan kayansu cikin asusu guda, don ya fi sauƙi. Abin da ya sami wani kamfani mai suna Code Spaces cikin watan Yuni na 2014 ya nuna aibin wannan. Sana'ar kamfanin ita ce ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu. Wani ɓarawo ya sami hanyar shiga allon sarrafa asusunsu na Amazon, ya nemi kuɗin fansa. Da masu kamfanin suka yi ƙoƙarin ƙwace asusun, sai ya shiga sharewa. Ya share injuna, ya share ma'ajiya, ya haɗa da kwafin da aka tanada don ranar tsautsayi, gama mabuɗin da ya buɗe kayan shi ne ya buɗe kwafinsu. Cikin sa'o'i kaɗan kamfanin ya durƙushe, bai kuwa sake tashi ba. Wannan ya sa masana suka ƙara ƙarfafa shawarar a raba kaya: asusu dabam na aikin da jama'a ke amfani da shi, dabam na gwaji, dabam na kwafin ajiya, dabam kuma na littafin da ke rubuta wanda ya yi me da lokacin da ya yi shi.

To, rabuwar ta yi maganin wata cuta, ta kuma haifi wata. Ma'aikatar da ke da asusu uku tana iya tuna su da ka. Wadda ke da ɗari uku fa? Wa ya buɗe wannan, don me, wa ke riƙe da mabuɗinsa, wane sashe ne zai biya kuɗinsa? Cikin Fabrairu 2017 Amazon ya fito da abin da ya kira AWS Organizations don a tara asusai ƙarƙashin tuta ɗaya. Akwai uwar asusu, wadda ta ke buɗe sauran, ita ce kuma ta ke biyan bashin kowa a takarda guda. A ƙarƙashinta a kan kasa asusai rukuni rukuni, rukuni cikin rukuni, har hawa biyar. Wanda ya san yadda umarni ke saukowa daga fada zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, daga dagaci zuwa ga mai unguwa, ba zai sha wuyar gane wannan ba, don dokar da aka ɗora wa rukuni na sama tana bin duk wanda ke ƙarƙashinsa. Google da Microsoft suna da irin wannan tsani, sunayen matakan ne kawai suka bambanta.

Dokokin nan da a ke ɗora wa rukuni suna da wata ɗabi'a wadda ta kan rikita baƙo. Ba su ba kowa izni. Iyakarsu su hana. Kamar shingen gona ne: ba ya shuka kome, amma ya nuna inda shuka za ta tsaya. Ana iya rubuta cewa ba wanda zai kashe littafin shaida a kowane asusu, ko shugaban asusun ne da kansa. Ana iya rubuta cewa ba a kafa inji sai a yankuna kaza da kaza na duniya, abin da ya ke da amfani ga ma'aikatar da doka ta ƙayyade mata inda za ta ajiye bayanan mutane. Amma akwai wurin da shingen bai kewaye ba, watau uwar asusu kanta. Dokokin ba su hawa kanta ko kaɗan. Sabo da haka ne masu hankali ba su ajiye aikin yau da kullum a cikinta, kuma ba su ba da mabuɗinta sai ga mutane ƙalilan.

Duk wannan ana iya yinsa da hannu, mutum ya zauna gaban allo yana latsa nan yana latsa can. Aibin aikin hannu uku ne. Ba ya barin bayanin dalili, ba ya maimaituwa daidai, kuma yana zaune ne a kan wanda ya yi shi. Ma'aikacin da ya shirya asusu na goma sha biyu ran Litinin ba lalle ya tuna da duk matakan da ya bi wajen na sha ɗaya ba. In ya manta da ɗaya, ba abin da zai yi ƙara. Asusun zai yi ta aiki lafiya lau wata da watanni da ƙofarsa a buɗe. In kuwa ma'aikacin ya bar aiki, sai ya tafi da sanin a kansa.

Maganin da aka samo shi ne a rubuta tsarin duka a takarda irin wadda mutum zai iya karantawa, na'ura kuma ta iya aikatawa. Dabarar ta girmi gajimare. Cikin 1993 Mark Burgess ya fito da CFEngine a Oslo don daidaita injuna masu yawa ta hanyar rubutu, Puppet kuma ya biyo cikin 2005. Amazon ya fitad da nasa, CloudFormation, cikin 2011, sa'an nan kamfanin HashiCorp ya fitad da Terraform cikin 2014, wanda ya yaɗu ƙwarai domin yana jin harshen kamfanoni da yawa. Abin lura a nan shi ne ba a rubuta wa na'urar matakai, a ce yi kaza sa'an nan ka yi kaza. A kan rubuta yadda a ke so abu ya kasance: akwai rukuni mai suna kaza, a cikinsa akwai asusu huɗu, a kansa akwai doka kaza. Na'urar ce za ta duba abin da ke akwai, ta gwada shi da abin da aka rubuta, ta cike gurbin. In an sake tura ta alhali ba abin da ya sauya, ba za ta taɓa kome ba.

Aikin yana da mataki biyu, kuma a tsakaninsu ne yawancin amfanin ya ke. A mataki na fari na'urar ba ta aikata kome, sai ta jero abin da za ta yi in an ba ta dama: zan ƙara abu uku, zan gyara ɗaya, zan rushe biyu. A na biyu ne ta ke zartarwa. Rubutun kansa a kan ajiye shi cikin Git, wata dabara da Linus Torvalds ya ƙago cikin 2005, wadda ke riƙe da tarihin kowane gyara tare da sunan mai gyaran da dalilinsa. Mai son sabon asusu ba ya zuwa ofishin kowa yin kamun ƙafa. Ya ƙara layuka kaɗan a rubutun, ya miƙa, wani ma'aikaci dabam ya karanta gyaran tare da jerin abin da zai haifar, in ya yarda ya sa hannu. Sa'an nan wata na'ura da aka keɓe don wannan aiki ta zartar, ba mutum da mabuɗinsa ba. Ma'aji ba ya fid da kuɗi da sa hannunsa shi kaɗai. Haka nan a nan ma. Ranar da masu binciken lissafi suka zo tambayar wanda ya sassauta wata doka bara, amsar tana nan a rubuce da kwanan wata.

Sabon asusu yana bukatar adireshin imel wanda ba a taɓa buɗe wani asusu da shi ba, ƙaramin abu amma mai ɗaure kai in asusai sun yi yawa. Bai kamata a sa adireshin wani ma'aikaci ba, domin mai adireshin yana iya neman sabunta kalmar sirri ta asalin asusun ko bayan ya bar aiki. Da zarar an buɗe shi, Amazon ya kan kafa wata ƙofa a ciki wadda uwar asusu za ta shiga da cikakken iko, ta nan ne kuma na'urar ke bi ta shimfiɗa abubuwan da kowane asusu ya wajaba ya samu: littafin shaida mai aikawa zuwa asusun shaida, ƙararrawar kashe kuɗi, da hanyar shigar ma'aikata. Amazon ya haɗa yawancin wannan cikin Control Tower a 2019, ya kuma ƙara masa hanyar aiki da Terraform a 2021.

Sai dai kada a ɗauka rubutu ya kawad da haɗari. Ya sauya masa wurin zama ne. Terraform yana riƙe da wani kundi inda ya ke rubuta cewa abu kaza na cikin takarda shi ne abu mai lamba kaza a gajimare. In kundin ya ɓata, na'urar ta manta da abin da ta gina, sai ta nemi sake gina shi. In mutum biyu suka rubuta a cikinsa lokaci ɗaya ya kan lalace, don haka a ke kulle shi sa'ad da ɗaya ke aiki. Har wa yau kalmomin sirri su kan faɗa cikinsa a fili, sabo da haka tsaronsa daidai ya ke da tsaron mabuɗi.

Haɗari mafi girma shi ne saurin na'ura. Kuskuren hannu ya kan ɓata asusu ɗaya. Kuskuren rubutu ya kan ɓata ɗari cikin minti guda, daidai wa daida. Dokar hani da aka rubuta ba daidai ba, aka ɗora ta a saman tsani, tana iya kulle dukkan ma'aikata waje, har da masu gyara. Don haka a kan gwada sabuwar doka a kan rukunin gwaji tukuna, a dakata, sa'an nan a hau da ita mataki mataki. Akwai kuma irin gyaran da na'ura ba ta iya yi a kan abu yana tsaye, sai ta rushe shi ta gina sabo. Ga inji ɗaya wannan ba kome ba ne. Ga asusu kuwa babbar magana ce, gama asusu ba tukunya ba ne da za a fasa a sayo wata. In an cire asusu daga rubutun Terraform, al'adarsa ita ce ya fid da shi daga ƙungiyar kawai, ba ya rufe shi sai an rubuta masa haka. Asusun da aka rufe kuwa Amazon ya kan ba da kwana 90 a nemi a komo da shi, bayan haka ya tafi ke nan. Terraform yana da wata alama mai hana rushewa, wadda ta cancanci a sa ta a kan kowane asusu ba togiya.

Abin da ba a rubuta ba ma yana da nasa hukunci. Cikin watan Mayu na 2024 kayan gajimare na UniSuper, asusun fansho na ma'aikatan jami'o'in Ostareliya mai mambobi fiye da 600,000, suka share a wurin Google. Bisa bayanin Google, sa'ad da ma'aikatansa ke kafa kayan a farkon 2023 da wata na'urar cikin gida, an bar gurbi ɗaya ba a cike ba, sai na'urar ta cike shi da kanta da wa'adin shekara ɗaya. Da wa'adin ya cika ta share. An yi kusan mako biyu ana farfaɗowa, kwafin da aka ajiye a wajen abin da ya share, har da wanda ke hannun wani kamfani dabam, shi ya cece su. Mai duba rubutaccen tsari yana bukatar ya tambayi ma'anar kowane gurbi da aka bari a sake, ba layukan da aka rubuta kaɗai ba.

Sa'an nan akwai zamewa. Tsakar dare aiki ya tsaya, ma'aikaci ya shiga da hannu ya gyara, ya kwanta. Yanzu gajimare ya faɗi abu ɗaya, takarda ta faɗi wani. In ba a mai da gyaran cikin rubutu ba, ranar da na'ura ta sake zagayowa za ta warware shi, matsalar ta komo. Wadansu ma'aikatu su kan hana shigar hannu ɗungum, amma wannan tsanani ne da ba ya ɗorewa, don wata rana na'urar zartarwar ita kanta za ta lalace. Abin da ya fi shi ne a tanadi mabuɗin gaggawa wanda taɓa shi ke tayad da ƙararrawa, a kuma sa na'ura ta riƙa gwada takarda da gajimare kowace rana tana ba da rahoton bambanci.

Uwar asusu da wurin ajiye kundin nan na farko dole da hannu a ke kafa su, tun da ba na'urar da za ta yi aiki kafin a ba ta wurin tsayawa. A kan rubuta matakan a adana. Ma'aikatar da ta riga ta tara asusai shekara da shekaru kuwa ba ta farawa daga fili. Sai ta bi su ɗaya ɗaya, ta rubuta kowanne yadda ya ke, ta shigad da shi cikin kundi, ta yi ta gyara rubutun har na'ura ta ce ba abin da za ta sauya. Zaɓen na'urar ma ba a gama shi sau ɗaya ba. Cikin Agusta 2023 HashiCorp ya sauya sharuɗɗan lasisin Terraform, wadansu masu amfani da shi suka ɓalle da kwafinsa suka kafa OpenTofu a ƙarƙashin Linux Foundation, sa'an nan cikin 2025 IBM ya kammala sayen HashiCorp. Da ya ke harshen rubutun biyun kusan ɗaya ne, ma'aikatar da ta so ƙaura daga wannan zuwa wancan ta kan tafi da yawancin takardunta yadda su ke, kundin ne a ke ɗauka da hattara, bayan an yi kwafinsa an ajiye a wani asusu dabam.